Me ya sa jirgin ya tsaya cak?

Jiya ka tambaye ni game da ƙaramin jirgin ruwanka mai filafili, wanda iska ke turawa, kwamfuta ke tuƙawa: "Maigida, na ba kwamfutar inda za ta nufa, GPS na aiki, kamfas lafiya lau, amma jirgin ya juya hanci ya tsaya, filafilinsa na ta kaɗawa kamar tuta. Ko waya ce ta tsinke?"

Ba waya ba ce, ɗana, kada ka sake kwance akwatin nan. Kai ne ka tura shi daidai inda iska ke fitowa, jirgin filafili kuwa ba ya shiga nan. Kusan digiri 45 ta dama da 45 ta hagu daga bakin iska, ba hanyarsa ba ce. Sai ka koya wa kwamfutar tafiyar jaki mai kaya a kan tudu: ta karkata gefe guda ta yi nisa, sannan ta juyo ɗaya gefen. Amma ka yanka mata tazara, kada ta juya sai ta kauce wa layinta da iyakar da ka sa. Kowace juyawa tana cin gudu, allon da ke juya jirgi kuma ba ya cizo sai ruwa na gudana a jikinsa. In gudu ya mutu a tsakiyar juyi, shi ke nan, ka maƙale.

Sannan ma'aunin iska da ke saman sandar filafili ba iskar gaskiya yake ba ka ba. Haɗe take da iskar gudun jirgin, irin wadda ke dukan mai babur ranar da ko ganye ba ya motsi. Ka cire gudun da GPS ya nuna kafin ka yi lissafi.

Na kuma ji injin allonka yana ta ƙugi ba hutu. Kana gyara kowace digiri ɗaya da igiyar ruwa ta ture, batir kawai kake ƙonawa. Ka ƙyale masa 'yan digiri ya yi wasa a ciki. A gasar Microtransat tun 2010 ake sakin ƙananan jirage marasa matuƙi su ƙetare Atlantika, suna ɓata ko su lalace, sai a 2018 SB Met na Norway, mai tsawon mita 2 kacal, ya tashi daga Newfoundland ta Kanada ya isa gaɓar Ayalan cikin kusan kwana 80. Duk tafiyar nan farantin sola ne ke ciyar da na'urorinsa, babu mai canja masa batir.

Gobe ka zo da kwamfutarka da wuri, kafin iska ta tashi.