Yadda Muke Raba Gado a Zangon Kumasi

Malam, ka tambaya yadda muke raba gado a nan, tunda ba mu da kotun Musulunci irin taku ta Kano, kuma an gaya maka dokar Ghana ta daidaita ɗa namiji da 'ya mace. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya ba ka.

Dokar ita ce PNDC 111, wadda gwamnatin Rawlings ta kafa a 1985 saboda wanda ya rasu bai bar wasiyya ba. Ta hau kan kowa, Musulmi da Kirista da mai addinin gargajiya. Gidan mamaci da kayan cikinsa na matarsa da 'ya'yansa ne. Ragowar dukiya a kasa ta 16: mata ta ɗauki kashi 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, sauran 2 kuma a bi al'adar dangi. Ka ga babu tumuni (ɗaya bisa takwas na matar mamaci) a nan, babu rabon mace biyu ga namiji ɗaya.

Sai dai ba don mu aka yi ta ba. A al'adar Asante, waɗanda muke zaune a ƙasarsu, gado ta wajen uwa yake bi. Mutum zai mutu, ɗan 'yar'uwarsa ya gaje gida da gonar koko, matar da ta yi shekara talatin tana noman gonar ta tattara 'ya'yanta ta fita. Wannan ɓarnar doka ta zo toshewa. Shi ya sa daga baya ma aka ƙara mata cewa korar mai takaba ko marayu daga gida kafin rabo laifi ne.

To da wannan dattawanmu suke kafa hujja. Suna cewa abin da gwamnati take nema shi ne kada a jefa mace da marayu kan titi, shari'armu kuwa ta riga ta ba su rabonsu tun fil azal. Saboda haka a unguwanninmu irin su Aboabo ko Asawase, in an share makoki, akan kira malamin da ya san ilmin gado, magada su zauna, a ƙirga ɗakunan gida, a yi musu kuɗi, kowa ya san nasa. In kowa ya yarda, babu ɗan sandan da zai ƙwanƙwasa ƙofa. Banki ne kawai ba ya jin wannan karatun: sai an kawo takardar kotu kafin ya saki ko sidi ɗaya.

Ni dai ban yarda da masu cewa dokar ba ruwanmu da ita ba. Ko ba a buɗe ta ba, tana nan a zaman rabo, domin kowa ya san 'yar da aka danne wa hakki tana iya ɗaukar lauya, alƙali kuwa abin da ke rubuce zai bi, ya ba ta daidai da yayanta. Tsoron haka ya sa ƙannen uba da dama suka shiga taitayinsu. Na ga gidajen da aka ƙi raba su shekara da shekaru da sunan zumunci, maza suna karɓar kuɗin haya, mata suna gidan aure ba sa ganin komai. Waɗannan ba shari'a suka bi ba, ba doka ba. In irin wannan mace ta tafi kotu, wasu malamai sukan ce ta ƙi hukuncin Allah, ni kuwa sai in tambaya wa ya fara ƙin sa.

Akwai kuma tsohuwar dokar 1907 da ta ce a yi wa auren Musulmi rajista cikin mako ɗaya da ɗaurawa. Kaɗan ne ke yi. Kotuna sukan ɗauki auren da ba a yi wa rajista ba a matsayin na gargajiya, don kada a wayi gari a ce mace ba matar mijinta ba ce saboda takarda.

Masu hangen nesa yanzu wasiyya suke rubutawa a gaban lauya da shaidu biyu, su ce a raba dukiyarsu bisa shari'ar Musulunci, tunda dokar 1985 ba ta taɓa dukiyar da wasiyya ta riga ta tsara. Na san za ka ce babu wasiyya ga magaji, kuma ba ta wuce sulusi. Malamanmu sun amsa cewa wannan ba kyauta ce ga wani ba, umarni ne kawai na a bi abin da Allah ya yanka. Lauyoyi dai sukan ba da shawarar a rubuta sunan kowane magaji da kasonsa dalla-dalla, domin alƙalin da bai karanta fiƙihu ba kada ya rasa ta inda zai fara.