Amsa ga mai tifa biyu da ke shirin kai wa babban kamfanin hanya yashi da tsakuwa

Assalamu alaikum. Alhaji, na karanta tambayarka, inda ka ce kana da tifa biyu a Garwa, wani ma'aikacin babban kamfanin gina hanya ya ce ka fara kai musu yashi da tsakuwa, takarda za ta biyo baya, har kana tunanin cin bashi ka ƙara mota ta uku tunda kamfanin Turawa ba ya cin kuɗin mutane. Na daɗe ina jigilar kayan gini tsakanin Garwa, Figil da Marwa, don haka zan faɗa maka abin da na sani, sauran 'yan'uwa su cika.

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne, sunan da ke rubuce a jikin katafila ba shi ke biyan kuɗi ba. Galibin waɗannan manyan kamfanoni 'ya'ya ne na wasu uwayen kamfanoni da ke ƙetare. Sogea-Satom na rukunin Vinci ne na Faransa, Razel na rukunin Fayat ne, shi ma a Faransa, Arab Contractors kuma kamfanin gwamnatin Masar ne. Amma idan suka zauna a ƙasa irin tamu, sukan yi rajistar kamfani na daban a ƙarƙashin dokar ƙasar, da jarinsa da shugabansa da asusunsa na banki, uwar kuma ta riƙe mafi yawan hannun jari. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka rattaba wa yarjejeniyarta hannu a 1993, kuma Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 da ke aiki da ita, ta ma wajabta wa reshen kamfanin waje ya koma kamfanin cikin gida a cikin shekara biyu, sai dai in hukuma ta ɗage masa. Amfanin sanin wannan a gare ka shi ne, wanda ya sa hannu a takardarka shi kaɗai kake bi bashi. Idan biya ya yi jinkiri, ba ka da hanyar kama uwar kamfani da ke Faris ko Alƙahira, domin a idon doka ita dabam, ɗanta dabam.

Ga misali a kusa da mu. Gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor a kan kogin Logon, mai tsawon mita 620, wadda aka buɗe a 2025, gamayyar kamfanoni ce ta gina ta, ciki har da Razel da kamfanin Sotcocog na Chadi, kuɗin kuma akasarinsa daga Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai ya fito. Mai wucewa allo ɗaya yake gani, amma a irin wannan aiki akwai masu sa hannu da yawa, kuma a ƙarƙashinsu akwai ƙananan 'yan kwangila da aka yanka wa wani ɓangare, kamar kwalbati ko jigilar jar ƙasa. Mutanensu ma hular kwano da riga mai walƙiya suke sawa, ba ka iya bambance su da ido. Saboda haka ka tambayi mutumin nan da ya yi maka magana, cikin ladabi, sunan wa za a rubuta a takardar oda, wa kuma zai sa mata hannu da hatimi. In ya fara kame-kame, to mai yiwuwa dillali ne ko yaron wani ƙaramin ɗan kwangila, kuma nauyin kuɗinka ba ya kan babban kamfanin ko kaɗan.

Sai batun yadda kuɗi ke tafiya, wanda a nan ne masu motoci suka fi karyewa. Kamfanin ba daga aljihunsa yake gina hanya ba. Yakan yi aikin wata, injiniyoyin sa ido su auna, a rubuta lissafi, takardar ta bi ofisoshi har Yawunde, wani lokaci har wurin bankin da ya ba da rance, sannan a biya shi, shi kuma ya biya ka. A ayyukan gwamnati ana ma riƙe wani kaso da zai iya kaiwa kashi 10 cikin 100 har sai wa'adin garanti ya cika, wasu kuma sukan sauke wannan riƙon a kan na ƙasa da su. A abin da na saba gani, wata biyu ko uku bayan ka miƙa faktir, wato takardar neman a biya ka, ba jinkiri ba ne a wurinsu, ƙa'ida ce, alhali gazuwal da taya da albashin direba ba sa jiran kowa. Ƙara da cewa da zarar damina ta kankama, daga Yuli zuwa Satumba, baƙar ƙasar nan ta karal da ke yankin Marwa da Waza takan zama taɓo, aikin ƙasa ya tsaya cik, motarka tana ajiye, mai bashi kuwa bai san damina ba. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa: a watan Mayun 2014 aka sace ma'aikata 'yan Sin goma a Waza, aikin hanyar Mora zuwa Kuseri ya tsaya tsawon shekaru, kuma duk wanda ya sayi mota domin wannan aikin kaɗai, shi ya san halin da ya shiga.

Idan an ba ka takardar, ka duba yadda za a riƙa ƙirga kayan, ko da lodi, ko da mita kubik, ko da tan a kan sikeli, domin bambancin yana da yawa. A ƙofar shantiye, wato filin aikin, akwai yaro da littafi mai kabon, kowace mota ta shigo sai ya hau ya leƙa bodi, ya rubuta lambarta da lokaci, ya yage wa direba kwafi. Wannan 'yar takarda ita ce kuɗinka, kada ka bar ta ta kwana a aljihun direba. Ka karɓa kowace yamma, ka jera bisa kwanan wata, ƙarshen wata ku zauna da magatakardansu ku daidaita kafin ka rubuta faktir. Na taɓa gani a wani shantiye an mayar da lodin yashi kusan na yini guda, saboda mai gwaji ya zuba shi a kwalba da ruwa ya girgiza, laka ta kwanta a sama fiye da yadda aka yarda. Mai motar ya yi ta rantsuwa cewa daga Binuwai ya ɗebo, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai a gefen da ruwa ke ajiye laka yaransa suka haƙa. Don haka kafin ka fara, ka kai musu samfur su gwada, su amince da wurin ɗiba a rubuce.

Ba ina kushe su ba ne. A ganina, in dai da kamfanin kansa ka ƙulla, ya fi yawancin masu ba da aiki a garin nan, domin yana da akanta da masu bincike, kuma bashin da ya shiga littafinsa da wuya ya ɓace, ko da ya daɗe. Amma ba ya shigar da wanda ba shi da takardu. Za a nemi rajistar kasuwancinka ta RCCM, da lambar mai biyan haraji, da asusun banki da sunan kasuwancin, da inshorar motoci, wataƙila har da shaidar cewa direbobinka suna cikin CNPS, asusun fansho da kariyar ma'aikata. Ka kuma tabbatar ko farashin da aka faɗa maka ya haɗa da harajin TVA, wanda a Kamaru kashi 19.25 cikin 100 ne, domin mutane da yawa sun yi murna da farashi, sai ranar biya suka ga ba haka lissafin yake ba. Takardar oda mai hatimi da tikitocin lodi su ne kuma za ka riƙe in abu ya kai ga kotu, tunda dokar OHADA ta tanadi gajeriyar hanyar neman alƙali ya ba da umarnin biya a kan bashin da ya tabbata, adadinsa sananne, lokacinsa kuma ya yi.

Game da mota ta uku, shawarata ka dakata. Ka sa tifa ɗaya a aikin kamfanin, ɗayar ta ci gaba da yi wa magina na cikin gari lodi, masu biya hannu da hannu, ita za ta riƙa ciyar da 'yar'uwarta gazuwal. In faktir biyu suka fita lafiya, aikin kuma ya fi ƙarfin motarka, ka ɗauki hayar wata motar na wata-wata, ka kuma tambayi shugaban shantiyen watanni nawa suka rage a ɓangaren da ke buƙatar yashi kafin ka je wurin mai ba da bashi. Allah ya sa albarka a nema.