Hukuncin Kafintan da ke Ƙera Jita Mai Lantarki a Zaurensa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni kafinta ne a Birnin Kebbi, a zauren gidanmu nake aiki, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Gadaje da kujeru da ƙyamare nake yi. Bara da kasuwa ta yi sanyi sai na shiga kallon masu ƙera jita mai lantarki a YouTube, abin ya shiga raina, na ce bari in gwada hannuna. Na samo busasshen katakon maɗaci na yanke gangar jikin, na sassaƙa wuyan, na jera ƙananan ƙarafan nan na wuya bisa awo, na naɗe siririyar waya a kan maganaɗisu da hannuna. Wata huɗu ina fama. Ranar da aka jona ta da lasifika sai ga ta tana magana.

Ni ban iya kaɗawa ba, ko molo ban taɓa riƙewa ba. Wani makaɗi daga Gaya ta Nijar ya gan ta, ya ba ni kafin alƙalami in yi masa guda biyu, har na sayi katako da waya da kuɗin. Akwai kuma wadda aka kawo mini daga Zuru wuyanta ya karye, na gyara, aka biya ni, na ci kuɗin. Yanzu yayana ya ce haram nake ci, mahaifiyarmu kuma ta daina karɓar cefanena. Ni a ganina kamar maƙeri ne da wuƙa, abin da mai saye ya yi da ita ruwansa. Kuma wannan jita in babu wuta ba ta da wani sauti, katako ne da waya kawai. Shi kansa Leo Fender da ya yi suna da ƙera ta a Amurka mai gyaran rediyo ne, ba makaɗi ba. Mene ne hukuncina?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya alhali kuɗi na hannunka. Malamai suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtar abin, don haka bari mu fara da jitar kanta, tunda a nan hujjarka ta fi ƙarfi a wurinka.

Gaskiya ne gangar jikinta ba ta da rami irin na ƙwaryar goge ko ƙoƙon garaya. Tsirkiyoyinta shida na ƙarfe ne, a ƙarƙashinsu akwai maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai sirantar gashi, naɗi dubbai. Idan tsirkiya ta girgiza sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin naɗin, wutar ta bi waya zuwa na'urar ƙara sauti, lasifika ta fitar. To amma ga tambayata gare ka: ƙarafan nan da ka jera a wuya, wa ya gaya maka inda za ka sa kowanne? Ka fi ni sanin cewa ba da ka ake jera su ba. Ana raba tsawon tsirkiya da 17.8 da 'yan kai a sami mazaunin na farko, a sake raba abin da ya rage a sami na biyu, haka har na 12 ya faɗa daidai tsakiyar tsirkiya. In ka kuskure da kaurin farce, makaɗi zai ce ta yi ƙarya. Duk wannan lissafi domin me? Domin kowane yatsa ya fitar da amon da ake so. Ashe kiɗan yana cikin awonka tun kafin a kawo wuta. Rashin wuta bai fitar da ita daga kayan kiɗa ba, kamar yadda injin niƙa ba ya zama wani abu dabam ranar da mai ya ƙare. Shi ma Fender, abin da ya fitar a 1950 makaɗa ya yi wa, su suka saya. Rashin iya kiɗansa bai canja abin da ya ƙera ba.

Saboda haka jita tana cikin abin da littattafanmu ke kira ma'azif, danginsu udu da ɗambura a wurin Larabawa, molo da gurmi da garaya a wurinmu. Duk abin da aka faɗa a kan waɗannan ya hau kanta.

Abin da mazhabar Malik ta tafi a kai, kuma shi ne na mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, shi ne haramcin kayan kiɗa masu tsirkiya. Wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da Ibn Abi Zaid Alƙairawani (ya rasu 386 bayan hijira) yake cewa kada ka halarci wurin da ake wasa da sarewa ko udu ko makamantansu, sai dai duffi a wurin aure, kuma an yi saɓani a kan kabar, wato babbar ganga. Dalilinsu mafi ƙarfi hadisin Abu Amir ko Abu Malik Al'ash'ari ne a Sahihul Bukhari, inda Annabi (SAW) ya ce za a sami wasu mutane daga al'ummarsa suna halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Ba a cewa mutum ya halatta abu sai in abin haram ne tun asali. Sun ƙara da fassarar da Abdullahi ɗan Mas'ud ya yi wa “lahwal hadisi” a aya ta 6 ta Suratu Luƙman, har da rantsuwa, cewa waƙa ce.

Ba zan ɓoye maka cewa akwai masu wata magana ba, don ɓoye saɓani ha'inci ne a fatawa. Ibn Hazm (ya rasu 456) ya ce hadisin Bukhari yankakke ne tsakanin Bukhari da Hisham ɗan Ammar, ya halatta kiɗa, ya halatta sayar da kayansa. Ibnus Salah da Ibn Hajar sun ba shi amsa cewa Hisham malamin Bukhari ne da ya ji daga gare shi, kuma hadisin ya zo a sadar, ba yankewa, ta wasu hanyoyi, kuma amsarsu ta gamsar da ni. Shaukani (1250) ya rubuta ɗan littafi musamman don rushe da'awar cewa an yi ijma'i a kan haramcin. A zamaninmu Shaihu Yusuf Alƙardawi ya halatta da sharuɗɗa. Imam Gazali (505), wanda mutane ke yawan jingina da shi saboda sassaucinsa a kan sauraron waƙa, shi kansa ya ware masu tsirkiya da sarewa ya hana, ya ce alamar mashaya ce. Saɓanin nan bai tsallake ƙasarmu ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya tsananta a kan kayan kiɗa da al'adun sarauta a Liya'us Sulɗan, yayansa Shehu Usmanu kuma a Najmul Ikhwan ya kawo maganganun malamai ya ja kunne kada a matsa wa mutane a abin da aka saɓa a kansa. Wa da ƙane ke nan.

Yanzu maganar maƙeri da wuƙa. Kwatancen yana da kyau, wurin da ka ajiye shi ne bai dace ba. Wuƙa ana yanka ragon layya da ita, ana fere doya, ana gyaran kifi a bakin gulbi, mai kisa da ita ɗaya ne cikin dubu. Amfaninta na asali halal ne, shi ya sa maƙeri ya kuɓuta, sai fa in ya san wanda ke gabansa ɓarna zai yi, to a nan ko wuƙar ma ba a sayar masa. Lasifika ma haka take, da ita ake kiran salla, da ita ake kiɗan biki, don haka mai haɗa ta da mai gyara ta babu komai a kansu. Jita kuwa, gaya mini aikinta na biyu. Ba a daka da ita, ba a zama a kanta. Abin da aka yi shi domin aiki ɗaya tak, hukuncin ƙera shi da sayar da shi yana bin hukuncin wannan aikin. Shaihu Khalil a Mukhtasar ya lissafa sharuɗɗan abin sayarwa: ya zama mai tsarki, mai amfani, ba a hana shi ba, kuma ana iya miƙa shi. Masu sharhi suka ce amfanin da ake nufi shi ne wanda shari'a ta yarda da shi. A hadisin Ibn Abbas da Ahmad da Abu Dawud suka ruwaito an ce idan Allah ya haramta wa mutane cin abu sai ya haramta musu kuɗinsa, malamai suka gina ƙa'ida a kai. Ga kuma aya ta 2 ta Suratul Ma'ida da ta hana taimakon juna a kan saɓo. Abu Hanifa ya inganta cinikin kayan kiɗa tare da ƙyamarsa, bisa cewa ana iya amfani da su ta wata fuska, almajiransa biyu Abu Yusuf da Muhammad suka saɓa masa.

Fatawata dai ita ce: ƙera jita domin sayarwa, da karɓar kwangilarta, da gyara ta a biya ka, bai halatta ba. Ban ce kai fasiƙi ne ba, ban ce a ƙaurace maka ba, domin ka shiga ba tare da sani ba, kuma mas'alar akwai saɓani a cikinta. In wani ya ce maka ka bi masu halattawa, ka tuna cewa su ma sun sa sharaɗin kada a haɗa da giya da batsa da shagala daga salla, kai kuwa daga ranar da jita ta haye iyaka a Kamba ba ka da iko da dandalin da za ta kwana.

Sauran aiki, yadda za ka fita.

Mutumin Gaya ka kira shi da kanka, da mutunci, ka ce ka janye. Kuɗinsa sun zama bashi a wuyanka, katako da wayar da ka saya sun zama naka. In babu kuɗin a ƙasa ka nemi ya yi maka jinkiri zuwa lokacin da za ku ambata, ku sa shaidu. A nan akwai wani rami da kafintoci ke yawan faɗawa: kada ku ce a bar kuɗin su zama na gadon da za ka yi masa nan da wata biyu. Wannan shi ne mayar da bashi cikin wani bashi, faskhud daini fid daini, Malikiyya sun hana. Amma in kana da gado ko ƙyaure gamamme a zaure, ya gani ya yarda, ya ɗauka nan take a madadin kuɗinsa, wannan ya halatta.

Kuɗin gyaran ta Zuru, ba ka faɗi ko wane ne mai ita ba, ni ma ban tambaya ba, don hukuncin yana kan aikin hannunka ne. Tunda ka karɓa kana zaton halal ne kuma sun ƙare, abin da nake gani shi ne babu komai a kanka sai istigfari, bisa faɗin Allah a aya ta 275 ta Baƙara cewa wanda wa'azi ya zo masa daga Ubangijinsa ya hanu, to abin da ya wuce nasa ne. In ka sami wadata ka yi sadaka da kwatankwacinsu, ya fi maka natsuwa, amma ban wajabta maka ba.

Ita kuma wadda ke rataye a zaure, kada ka ƙone ta. Akwai wata mas'ala a babin sata a Mukhtasar da nake so ka ji: ba a yanke hannun wanda ya saci ɗambura, sai in bayan an karya ta katakonta ya kai nisabi. Ka ga hikimar? Shari'a ba ta ba siffar kiɗan daraja ba, amma ta ba katakon. Maɗacinka dukiya ne, jan ƙarfe dukiya ne, maganaɗisu dukiya ne, kuma Annabi (SAW) ya hana tozarta dukiya. Ka kwance ta a hankali, ka cire wuya daga jiki, kowane yanki ka sa shi inda zai yi amfani. Na san da ciwo, wata huɗu ba kwana huɗu ba ne.

Ga yayanka: kishinsa abin yabo ne, amma kada ya ɗauki guduma. Fasa kayan wani ba aikin ɗaiɗaikun mutane ba ne, na hukuma ne, balle a abin da nasiha ta isa. Ga mahaifiyarku kuma, Allah ya ƙara mata tsoron Allah, ka kai mata wannan amsa a karanta mata. Mafi yawan abin da kake samu daga gadaje da kujeru ne, kuma Ibnul Ƙasim, babban almajirin Malik, ya halatta mu'amala da wanda halal ya rinjayi dukiyarsa. Ta ci cefanen ɗanta hankali kwance.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai tun da na karanta wasiƙarka. Yaron da ya koya wa kansa naɗa waya dubbai ba ta tsinke ba, ya daidaita wuya har ya tsaya cak, ya kiyaye awo har kaurin farce, ba ƙaramin abu Allah ya ba shi ba, kuma ilmin kansa babu haram a cikinsa ko kaɗan. Naɗin nan da ka yi shi ne asalin aikin masu gyaran fanka da janareta da famfon rijiya mai lantarki. Manoman shinkafa daga fadamar Argungu har Suru kullum cikin neman mai gyaran injin ban ruwa suke. Masallatai nawa ne a cikin Birnin Kebbi lasifikarsu ke ƙara kamar ana yaga tsumma, babu mai haɗa musu akwati mai kyau? Ka nemi wani tsohon mai naɗin waya a kasuwa ka zauna a gabansa wata shida, zarto da gizagonka kuma kada ka ajiye su. Maɗacin da ka saya na jita biyu, in ka duba da kyau, zai fitar da akwatin lasifika da ɗan tebur.

Wallahu a'alamu.