Kafin ku ɗaure kayan tafiya Zariya

Ɗiyata, na ga saƙonki tun jiya da la'asar, na bari sai da gida ya yi shiru, don tambayar taki ba ta amsuwa a tsaitsaye. Kin ce idan an ba yara hutun Disamba za ku tafi Zariya wajen iyayen maigidanki ku yi mako biyu. But ɗin motar ƙarami ne, kaya sun yi tsada, shi kuma ya ce a bar wahalar tsaraba, zai tura wa Hajiya kuɗi ta asusu ta sayi abin da ranta ke so. Kina son ki ji ko tsarabar nan addini ce ko al'ada, kuma in an bar ta ko an yi laifi.

Ba farilla ba ce. Babu malamin da zai ce kin yi zunubi don kin shiga gidan surukai hannu Rabbana. Abin da ya zo kwaɗaitarwa ce, hadisin nan da ke cewa ku riƙa yi wa juna kyauta, za ku so juna. Sauran duk al'ada ce, amma al'ada mai dalili, kuma dalilin ne nake ganin maigidan naki bai duba ba.

Kuɗin da zai tura wa mahaifiyarsa ya tura, Allah ya yi masa albarka, wannan tsakanin ɗa da uwa ne. Sai dai kuɗi in sun faɗa waya, Hajiya kaɗai ta san sun zo, kuma kafin kwana uku sun shige cefane da magani. Gidan nan kuwa ba ita kaɗai ke cikinsa ba. Akwai abokiyar zamanta, akwai faccalolinki, akwai ƙannen miji, ga yaran da za su rugo suna oyoyo su kama jaka tun mota ba ta gama tsayawa ba. Bayan katanga kuma akwai maƙwabtan da duk lokacin da nasu suka zo daga Kano ko Legas sai an aiko wa Hajiya da ɗan ƙunshi a faranti. Ta ci nasu shekara da shekaru. Ranar da ɗanta ya zo da iyalinsa daga Sakkwato, ita ce ranar da za ta rama. In kin zo da abin rabo, kin ba ta abin da za ta ɗora a faranti ta ce wa yaro, kai wa gidan wane, ka ce ga tsarabar Sakkwato. In ba ki zo da shi ba, ba za ta ce miki komai ba. Za ta aika kasuwa a ɓoye a sayo, ta raba da sunanki, da kuɗin nan da aka turo mata na magani.

Don haka kafin ki taka kasuwa, ku zauna da shi da takarda da biro, ya lissafa miki mutanen gidan ɗaki ɗaki, har da tsohuwar da ke zaune a ɗakin ƙofa in akwai ta. Maza sukan manta da irin waɗannan, sai kin yi ta tono. Kakarki, Allah ya jiƙanta, ba ta yi boko ba, amma in za ta yi tafiya sai ta shimfiɗa tabarma ta jera ƙulli ƙulli, kowane ta ambaci mai shi da baki, sannan ta zuba a adudu. Sai wurin da ya rage take cusa zannuwanta. Haka nake son ki yi da but ɗin nan: na mutane ya fara shiga, naku ya biyo baya. Za ki ga rabin kayan sawar da kika ware ba ki ma buƙatarsu.

Abin da za ki saya kuwa, nemi wanda in an gan shi an san daga ina ya fito. Katan ɗin taliya da lemon kwalba suna nan jibge a kasuwar Sabon Garin Zariya, ɗaukar su daga nan jan nauyi ne kawai. Mu Allah ya ba mu tafarnuwa ta fadamun Wurno da Goronyo, ga ta ba nauyi, ba ta lalacewa da wuri, kuma babu matar da za ta raina ta. Akwai cuku da dabino da ke shigowa daga Nijar ta Illela. Akwai kilishi. Akwai aikin dukawanmu na fatar jar akuya, wadda sunanta ya kai har ƙasashen Turai: takalmi ga Baba, 'yar jaka ga ƙanwar miji. Albasa ita ce kowa ke tambaya in ya ji an ce Sakkwato, amma a Disamba sabuwa ba ta gama cika kasuwa ba, tana da tsada, ƙaramin buhu ya isa Hajiya ta raba bibbiyu. Idan Baba yana cin goro, a sayo masa mai kyau, fari, ba wanda ya fara yaushi ba. In da hali, turmin atamfa ga Hajiya. Nan sai ki kula: in mata biyu ne a gidan, abin da zai fito fili ya zama iri ɗaya. Ƙarin da ɗa zai yi wa uwarsa, ya yi mata a ɗakinta, ba da hannunki ba.

In kuma aljihu bai kai ga wannan duka ba, kada ki ci bashi. Tafarnuwa da dabino da alewar yara sun fitar da ke kunya. Zumunta a ƙafa take, zuwan naku ne babba.

Wajen ɗauri, kowane abu da halinsa. Kilishi ki sa a naɗe miki a takarda, ki bari ya sha iska kafin ki sa a leda, kuma ki raba shi da kayan sawa, don mai yana ratsa takarda, shadda in ta sha man kilishi ta gama yawo. Albasa ba ta son leda, zufa take yi ta ruɓe, buhun raga take so, can ƙuryar but. Tafarnuwa ki ƙulle ta ita kaɗai, in ba haka ba dabinon zai iso yana warinta. Cuku karyewa yake yi, ki jera shi a kwano mai murfi ki sa a sama. Atamfa da takalma su shiga akwati ɗaya da ba za a buɗe ba sai an isa.

Idan kun isa, ba a sauke tsaraba a tsakar gida. A gaisa, a sha ruwa, a yi salla, a ci abinci. Sai gida ya natsu, ki kwashi kayan gaba ɗaya ki kai ɗakin Hajiya, ki durƙusa ki ce, Hajiya ga ɗan abin da muka zo da shi, babu yawa. Kada ki bi ɗaki ɗaki kina miƙawa da kanki, ko da kin rubuta sunan kowa a jikin ƙullinsa. Ita ta san wanda ya yi mata zuwa asibiti, ta san wanda ake 'yar tsama da shi ana neman hanyar shiri, ke ba ki sani ba. In ta sauya rabon da kika tsara, ki yi kamar ba ki gani ba. Na Baba kuma maigidanki ne zai kai masa.

Guzuri daban yake, kada ki haɗa lissafinsa da na tsaraba. Tafiyar kusan kilomita 400 ce, ta Talata Mafara da Gusau da Tsafe da Funtuwa. Da can, tun Gusau tana cikin jiharmu kafin a yanke Zamfara a 1996, mutum yakan tsaya inda ya ga dama ya ci tsire ya miƙe ƙafa, har tafiyar dare ake yi don gudun rana. Yanzu kin san halin rashin tsaron da hanyar nan take ciki. Ku fita da an sallame asuba gari ya fara haske, ku isa da rana tsaka, kada yamma ta same ku a daji, kuma ya tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ranar. Wannan ya sa abincinku ya kasance a cikin mota, kusa da ƙafarki: fura da nono a kula, dambun nama, dafaffen ƙwai, ruwa mai yawa, da ledoji don yaron da mota ke juya wa ciki. Katin ɗan ƙasa da takardun mota su zauna a gaba saboda shingaye. Ku yi addu'ar hawa abin hawa da ƙarfi yara su ji su koya. A hanya kuna da sauƙin yin ƙasaru, don tafiyar ta wuce mil 48 da littafin fiƙihun nan Risala ya ambata nesa ba kusa ba, amma da kun shiga Zariya da niyyar zaman da ya kai kwana huɗu, sai ku cika salla.

Kayanku na sawa ba sai na koya miki ba, abu biyu kawai zan ce. Zariya tudu ce, ta fi mu sanyin dare a hunturu, ɗan Sakkwato da ya saba da zafi yakan sha mamaki. Rigunan sanyi, hula da safa ga ƙaramin, bargo naku, man kaɗanya don kaushi da leɓe. Gidan da baƙi suka cika, bargo ba ya isa kowa, kuma ba daɗi ki kwana biyu kina aika yaro aron abu ɗakin facala. Maganin zazzaɓin yara, caja, tocila, darduma, duk ki riƙe naki.

Na biyu, ki sa zanin aiki biyu a sama sama. Ke ba baƙuwa ba ce a gidan nan, suruka ce. Kwana ɗaya za a bar ki ki huta, washegari ki fito ki karɓi tsintsiya ko muciya tun ba a ce ba. Na ga 'yan mata suna cika akwati da leshi da sarƙar gwal kamar masu zuwa biki, sai a rasa abin da za su ɗaura su shiga madafa. Kaya masu kyau kala biyu sun isa, na Juma'a da na zagayen gaishe-gaishe cikin Birni. Gwal ki bar shi a gida a kulle.

Ranar dawowa za ki ga inda wurin albasar nan zai yi amfani. Ba za su bar ku ku taho haka ba, za a ɗora muku masara ko citta ko mazarƙwaila, ƙila har da doya. Kada ki ce mota ta cika, ko maigidan ya fara gunaguni ki lallaɓa shi a samu wuri. Daga ciki ne za ki fitar wa naki maƙwabtan, waɗanda za ki shiga ki yi wa sallama kafin ku tafi, ki bar wa ɗaya makulli da amanar kajinki.

Ki biyo ta nan ranar Laraba bayan azahar mu shiga Tsohuwar Kasuwa tare, don in kika je ke kaɗai masu tafarnuwa za su gane ba ki san farashi ba. Ki zo da takardar sunayen. Ni ma ina da ɗan turaren wuta da za ki kai wa Hajiya, ki ce ina gaishe ta da jiki.