Tambaya da Amsa: PySpark ya ƙi tashi a laftof ɗina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne ina koyon nazarin bayanai, na saka PySpark, wato manhajar sarrafa manyan bayanai ta Spark da ake amfani da ita daga Python, a laftof ɗina mai Windows, RAM ɗinta gig 8, tun ranar Talata nake fama, da na kunna sai ya rubuto min "Java gateway process exited before sending its port number", na goge na sake saukewa har sau uku datata duk ta ƙare wallahi. Abokina ya zo ya taɓa wani abu ya tashi, sai kuma ga sabuwa wai OutOfMemoryError alhali fayil ɗin bai kai gig 2 ba. Laftof ɗin ce ta yi ƙarama ne ko yaya? Daga ɗalibinka a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, lafiya lau. Ka ajiye maganar sabuwar laftof tukuna, ba ita ce mai laifi ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne PySpark riga ce kawai, ainihin Spark da Scala aka rubuta shi kuma a kan Java yake gudu, to in ka kira shi daga Python sai ya je ya tada Java tukuna su gaisa, wancan saƙon na farko cewa yake Java ba ta amsa sallama ba. Ko ba ta cikin kwamfutar sam, ko JAVA_HOME, saitin da ke nuna inda Java take a kwamfuta, na nuna wani folda daban, ko kuma sigar ba ta dace ba, wanda shi ne ya fi yawa don mutum zai je ya sauke wadda ta fi kowace sabunta yana ganin ya yi dabara. Buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta java -version ka gani. Spark 3.5 yana tafiya da Java 8, 11 ko 17, shi kuwa Spark 4.0 da ya fito 2025 sai 17 ko 21. Ni 17 nake cewa a saka, ta shiga duka biyun. Kuma bayan ka gyara JAVA_HOME rufe cmd ɗin ka buɗe sabo, in ba haka ba tsohon zai ci gaba da karantawa kana ta zufa a banza.

Ta biyun, OutOfMemoryError, wato memori ya ƙare, ita ce ta fi daɗin bayani. An ƙirƙiri Spark a jami'ar Berkeley ta Amurka a 2009 don a raba aiki tsakanin kwamfutoci da yawa, amma a laftof ɗinka babu wasu ma'aikata, direba, wato ɓangaren Spark da ke jagorantar aikin, shi ne kwandasta shi ne ɗan kamasho, duk a cikin Java guda ɗaya, kuma in ba ka faɗa masa ba gig 1 kacal yake ɗauka ko da RAM ɗinka ya kai 32. Ka ba shi gig 4 da spark-submit --driver-memory 4g, ko ka sa spark.driver.memory a spark-defaults.conf. In a Jupyter kake rubuta kod ɗin sai ka sake kunna kanel, wato Python ɗin da ke gudanar da shi, don da zarar Java ta tashi ba ta ƙara jin wannan maganar. Kar ka ba shi duka 8 ɗin, Windows da Chrome ma suna son nasu.

Sannan ina da yaƙinin akwai collect() ko toPandas() a kod ɗinka, su ne ke kwaso komai su jibge wa direba lokaci guda, kuma fayil ɗin CSV in ya shiga memori kumbura yake yi ya fi girmansa na kan diski. Yi amfani da show(20) ko limit in kallo kawai kake so. Yayin da aikin ke gudu leƙa localhost:4040 a burawuza, za ka ga matakin da ya maƙale.

Ga wadda ke jiranka a gaba tunda Windows ce, ranar da ka zo ajiye sakamako a tsarin fayil na Parquet, Spark zai fara kukan winutils.exe da HADOOP_HOME, sai ka nemo winutils.exe da hadoop.dll na sigar Hadoop ɗin da Spark ɗinka ya zo da ita ka zuba a foldar bin da ke cikin foldar da HADOOP_HOME ke nunawa, ko ka huta da wannan duka ka koma Ubuntu ta WSL, wato Linux da ke gudu a cikin Windows, ni can na gudu tuntuni.

In wata ta sake fitowa kar ka turo min layin farko kawai, gangara ƙasa ka nemo "Caused by" na ƙarshe, shi za ka kwafo min.