Gina tari da jerin sarƙa: ta kai ko ta wutsiya?

Ka tambaya ta wane gefe ya dace a riƙa sakawa da cirewa idan za a gina tari (stack, wani tsarin adana bayanai a shirin kwamfuta) da jerin sarƙa (linked list, jerin gaɓoɓi masu ɗauke da bayanai da ke haɗe da juna). Ta kai, wato gaɓar farko, ya dace. A tari, abin da ya shiga ƙarshe shi ke fara fita, kuma a jeri mai manuni ɗaya (manuni shi ne adireshin gaɓa ta gaba) kowace gaɓa ta san wadda ke bayanta ne kawai, don haka in ka zaɓi wutsiya, duk cirewa sai ka bi jerin tun daga farko har ka iske gaɓar da ke kusa da ta ƙarshe, aikin da ke ƙaruwa gwargwadon tsawon jerin.

Wajen sakawa, ka ƙirƙiri sabuwar gaɓa, ka sa manuninta ya nuna tsohon kai, sannan ta zama kai. Wajen cirewa, ka fara tabbatar da tarin ba fanko ba ne, domin masu koyo kan yi tuntuɓe a nan, sannan gaɓar da ke bin kai ta zama sabon kai. A yaren shirye-shiryen kwamfuta na C, ka adana darajar da ke cikin gaɓar da ka cire kafin ka sake ta da free, umarnin da ke mayar da gurbin da ta mamaye a ƙwaƙwalwar kwamfuta.