"Get" ta hana ni barci: in cire ta daga rubutuna ne gaba ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Saura mini sati uku in zauna jarrabawar Turanci, kuma hankalina a tashe yake. Na duba "get" a ƙamus, na tarar ma'anoninta sun cika shafi biyu, na rasa wadda zan kama. Sai na ci karo da wani bidiyo da ke cewa "get" Turancin 'yan koyo ne, a riƙa sa "obtain" ko "acquire" a madadinta. Na bi shawarar, amma malamar da ke duba mini rubutu ta dawo da takardata jawur da jan biro. Inda ta fi ja wa layi shi ne "I obtained interested in nursing". Ina kuskuren yake? Ko sai na haddace ma'anonin duka?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, ki kwantar da hankalinki. Sati uku ya isa, muddin kin rabu da bidiyon nan.

Maganar hadda ki ajiye ta gefe. A babban ƙamus na Oxford, bugun 1989, an lissafa wa "set" ma'anoni 430. Da aka sake bitar "run" a 2011, ɓangaren aikatau kaɗai ya kai 645, kuma wata tara edita ɗaya ya yi yana fama da ita. Baturen da ya sha harshen a nono ma bai haddace su ba. Ke ma ai ba ki taɓa haddace ma'anonin "ci" ba, amma kina cin abinci, ki ci jarrabawa, ki ci bashi, a ci amanarki, ki ci gaba da harkarki, ba ki taɓa rikicewa ba. Abin da ya biyo bayan kalmar ne yake gaya miki inda ta dosa.

Haka "get" take. In suna ya biyo ta, samu ne ko karɓa: "get a letter". In sifa ce, zama ne: "get tired", "get angry". In wuri ne, isa ne: "get home". "I don't get it" kuwa ban gane ba ne. "I got my phone repaired" na nufin wani na sa ya gyara mini, ba ni na gyara ba. Waɗanda ke ɗaukar ɗan wutsiya, irin su "get over", "get by", "get away with", ki ɗauki kowacce a matsayin kalma mai zaman kanta, ki koye ta tare da jimlarta.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na gamu da shi a takardun ɗalibai. An cusa wa mutane cewa kalmomi masu kusancin ma'ana tagwaye ne, ka zare wannan ka cusa waccan, jimla ba za ta ji a jikinta ba. Ƙarya ce. "Obtain" ta yi tarayya da "get" a ma'ana ɗaya tak, wato mallakar abu, galibi bayan an nema, kamar izini ko takardar shaida. Ba ta san zama ba, ba ta san isa ba, ba ta san fahimta ba. A jimlarki "get" zama take nufi, shi ya sa "obtained interested" ta fito kamar a ce wani ya tauna jarrabawa, ko ya haɗiye amana. Tauna da ci ai 'yan gida ɗaya ne, amma je ki faɗi haka a cikin mutane ki ga yadda za a kalle ki. Na taɓa karanta "I acquired home at six", na ga "she procured married". Wannan ta ƙarshen har da abin kunya a ciki, don ɗaya daga ma'anonin "procure" kawalci ne, marubucin bai sani ba.

Su masu bidiyon ba su duba takardar kowa. Su jera kalmomi goma a kan allo, su ce daina faɗin wannan, faɗi wancan, su tara masu kallo su wuce, ɗaliba ce za ta sha jan biro. Abin haushin shi ne akwai ƙwayar gaskiya a maganarsu, ita ce take sa a yarda da su. "Get" tsohuwar kalmar baka ce, Turanci ya aro ta daga harshen mutanen arewacin Turai na dā. "Obtain", "acquire" da "receive" kuwa ta Faransanci da Latin suka shigo, a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, lokacin da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da kotu. Shi ya sa har yau suke da ƙamshin ofis. To amma ƙamshin ofis daban, daidai daban. "I obtained a cold" ba ta fi "I got a cold" daraja ba, kuskure ce kawai da ta sha ado.

Shi kansa Peter Mark Roget, likitan da ya fitar da shahararren kundin kalmomi masu dangantaka a 1852, bisa ma'ana ya tara su rukuni-rukuni, don marubuci ya tuno kalmar da ya riga ya sani ta kuɓuce masa. Yau an mayar da abin maɓalli a kwamfuta, a latsa a zaɓi wadda ta fi tsawo. Kuma cutar ba a kan ɗalibai ta tsaya ba. A 2021 Guillaume Cabanac, masanin kwamfuta a Faransa, da abokan aikinsa sun bankaɗo muƙalun kimiyya da aka riga aka buga, waɗanda manhajar sauya kalmomi ta mayar da "artificial intelligence" zuwa "counterfeit consciousness", "big data" kuma ta koma "colossal information". Satar rubutu ake son ɓoyewa, sai asiri ya tonu ta nan. Kowace kalma an musanya ta da 'yar'uwarta daidai yadda mai bidiyonki ya koyar, ma'ana kuma ta mutu murus.

A sati ukun nan, ɗauko tsofaffin takardunki. Duk inda kika cire "get", tambayi kanki da Hausa me kike nufi a wurin: samu, zama, isa, ko ganewa? In zama ne, "become". In isa ne, "arrive" ko "reach". In ganewa ne, "understand". In wasiƙa ce ta zo miki, "receive". Ki nemi ƙamus na masu koyo, irin na Oxford, Longman ko Cambridge, ki karanta jimlolin misali kafin ki karanta bayanin. A ɓangaren magana na jarrabawar kuwa ki bar "get" ɗinki ta sha iska, haka masu harshen suke yi.

Jimlar da malamarki ta ja wa layi, abin da kike nema shi ne "I became interested in nursing". Da ma kin bar ta yadda kika fara rubutawa, "I got interested in nursing", da babu kuskure a cikinta.